Lauya Casely Hayford: Shin Shiga Majalisar Bature Cin Amana Ne?

Masu karatu, yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, don haka masu jiran ci gaban littafi su yi mini afuwa sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Tarihin wani mutum nake so mu duba tare. Ba Bahaushe ba ne, ba kuma Musulmi ba, ya rasu tun 1930 kafin a haifi iyayen yawancinmu. To amma labarinsa ne ya sa na taka har gidan wani abokina na ba shi haƙuri, shi ya sa na ga bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba.

Ga yadda abin ya faru. Shekarun baya akwai wani abokina marubuci da muka fara buga littafi kusan lokaci guda, muka sha rana tare wajen bin 'yan kasuwa bashin kuɗin littattafanmu. Kwatsam sai aka ba shi kujera a wani kwamiti na hukuma mai duba harkar rubuce-rubuce, shi kuwa ya karɓa. Ni ne kan gaba wajen cewa ya ci amanarmu, ya sayar da mu saboda alawus ɗin zama. Kusan shekara biyu ko gaisuwar kirki ba ta haɗa mu. Ana cikin haka wata rana na tsaya wurin mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi, na tsinci wani littafin tarihin Afirka ta Yamma da bangonsa ya yage. A ciki na fara cin karo da sunan wannan lauya, abin da ya ja hankalina kuwa shi ne an ce ya rubuta ƙagaggen labari tun 1911. Daga nan na shiga bin diddiginsa.

ASALINSA

An haifi Joseph Ephraim Casely Hayford ranar 29 ga Satumba, 1866, a garin Cape Coast da ke bakin teku, a ƙasar da Turawa suka raɗa wa suna Gold Coast, wato Gaɓar Zinariya, wadda ita ce Gana ta yau. Mu Hausawa mun fi sanin arewacin ƙasar, Gwanja da kasuwar Salaga inda a da fatake ke zuwa sarin goro. Mutanen bakin teku kuwa sha'aninsu daban ne, domin tun ƙarni na 15 suke cuɗanya da Turawa, tun zuwan 'yan Fotugal. Ɗan ƙabilar Fante ne, sunansa na gida Ekra-Agiman. Mahaifinsa limamin cocin Methodist ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar gidan Brew ce, zuriyar wani Baturen Ailan mai suna Richard Brew da ya yi fataucin bayi a wannan gaɓa a ƙarni na 18. Ka ji ikon Allah, daga tsatson mai sayar da baƙar fata aka sami mai kare baƙar fata.

Ya yi makarantar mishan ta Wesleyan a garinsu, wadda daga baya ta zama Mfantsipim, sannan ya wuce kwalejin Fourah Bay a Firitawun ta ƙasar Saliyo. A can ne ra'ayin Edward Wilmot Blyden ya kama shi, masanin nan da ke wa'azin cewa baƙin mutum yana da tarihinsa da al'adunsa, ba sai ya zama kwafin Bature ba kafin ya cika mutum. Da ya dawo gida ya ɗan taɓa koyarwa, sannan a 1885 ya shiga aikin jarida a wurin kawunsa James Hutton Brew mai jaridar Western Echo. A 1893 ya tafi Ingila, ya yi karatu a jami'ar Kambirij da kuma Inner Temple, ɗaya daga cikin gidaje huɗu da ke yaye lauyoyi a Landan. A watan Nuwamba na 1896 ya zama cikakken barista, ya juyo gida.

RIGIMAR ƘASA

Bai daɗe da sauka ba ya tarar da wuta na ci. A 1897 Gwamna Maxwell ya kawo ƙudurin dokar da za ta sa duk ƙasar da ba a noma ko zama a kanta ta koma ƙarƙashin kulawar gwamnati, wai ƙasa ce marar mai ita. Sarakuna da 'yan boko suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ƙasa a Cape Coast. Babban lauyansu shi ne John Mensah Sarbah, Casely Hayford kuwa yana cikin samarin da suka taya shi tattara hujjoji. Hujjar tasu guda ce: a al'adarsu babu taƙin ƙasa ko ɗaya da ba shi da mai shi. Dajin da Bature ya gani babu kowa, na wata zuriya ne ko na wata kujerar sarauta, amana ce ta magabata a hannun masu rai domin 'yan baya. A 1898 suka tura mutum uku Landan suka gana da Joseph Chamberlain, ministan da ke kula da ƙasashen da Ingila ke mulka, aka kuwa janye dokar.

Mai karatu, ka riƙe wannan nasara a ranka, domin ita ce ta gina tunanin mutumin nan har ƙarshen rayuwarsa. Ya gani da idonsa an kayar da Bature ba da bindiga ba, da takarda da hujja da tawaga. Bayan shekara biyu Asantawa suka gwada bindiga a yaƙin 1900, aka murƙushe su, aka haɗe ƙasarsu da ta Ingila. Duk wanda ya ga waɗannan abubuwa biyu a jere, ba abin mamaki ba ne ya zaɓi alƙalami.

A 1903 ya fitar da littafinsa Gold Coast Native Institutions, kan tsarin sarauta da shari'ar gargajiyar ƙasarsu. Abin da yake son nunawa shi ne, sarkinsu ba mai yin yadda ya ga dama ba ne. Dattawa ke zaɓensa, da shawararsu yake mulki, in ya kauce kuma su tuɓe shi. Saboda haka idan suka nemi wakilci a majalisar gwamna ba aron al'adar Ingila suka yi ba, abin da suka gada suke neman a maido musu.

A nan ne kuma labarin ya taɓo mu. A Arewacin Nijeriya, tun a Sakkwato a 1903 Lugga ya shaida wa manyan gari cewa ikon ƙasa ya koma hannun wanda ya ci yaƙi, sannan a 1910 aka yi dokar da ta sa dukkan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna. Wasu Turawa, cikinsu har da ɗan jarida E. D. Morel, suka ga tsarin ya yi musu, suka so a shimfiɗa irinsa a sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, har aka kafa kwamiti a Landan a 1912 don duba lamarin. Casely Hayford ya tashi tsaye. Ya je Landan kan dokar gandun daji ta 1911, wadda suke ganin ita ce dokar 1897 ta sake riga, sannan a 1913 ya buga littafi sukutum yana mayar wa su Morel martani. Wato abin da aka zartar a kanmu da shela guda, su can sun shekara goma sha shida suna ture shi. Ƙasa ta zauna a hannun 'yan ƙasa, kuma ƙananan manoma baƙaƙe ne suka mai da Gaɓar Zinariya ta ɗaya a duniya wajen noman koko a 1911.

Sai dai fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A shekarun nan ne kamfanonin haƙar zinariya ke rububin karɓar hayar ƙasa daga hannun sarakuna, rigingimun iyaka suka cika kotuna, lauyoyi kuma suka ci kasuwarsu. Shi kansa a Axim da Sekondi ya yi yawancin aikinsa, yankin da ma'adinan suke. Turawa sun sha yi musu gorin cewa aljihunsu suke karewa. Ba duka gorin ne gaskiya ba, amma ba duka ne ƙarya ba.

LAUYA YA ZAMA MAI BA DA LABARI

Yanzu bari in zo inda ya fi shafata. A 1911 ya buga Ethiopia Unbound a Landan, ma'anarsa Habasha ta kuɓuta daga ƙangi, Habasha a nan tana nufin baƙar fata baki ɗaya. Ana lissafa shi cikin ƙagaggun labarai na farko da wani ɗan Afirka ta Yamma ya rubuta da Turanci. Ku tuna gasar da ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar sai a 1933 aka yi ta, shekara 22 bayan nan.

Tauraron littafin sunansa Kwamankra, ɗalibin lauya ne a Landan, yana da aboki Bature mai karatun addini, Whitely, suna ta muhawara kan addini da launin fata da mulki. Daga baya dukansu suka tsinci kansu a Gaɓar Zinariya, inda aka ga yadda mulkin mallaka ke sauya halin mutumin kirki. A cikin littafin har ya gina jami'ar ƙasa inda ake koyarwa da harshen gida, alhali a lokacin babu ita babu dalilinta.

Zan faɗi gaskiya a matsayina na mai wannan sana'a: in da a kasuwarmu aka kawo shi, da wuya mai shago ya karɓi kwafi ɗari. Jawabi ya fi labari yawa, tauraro ya buɗe baki sai ya cinye shafi uku. To amma na fahimci dalilinsa. A kotu alƙali ba ya sauraron mafarki, sai hujja. A takardar koke dole ka rusuna ka ce kai mai biyayya ne ga Sarkin Ingila. A cikin labari ne kawai ya sami filin faɗin abin da ke cikinsa ba tare da an ce ya zauna ba. Mu da ake kira marubutan adabin kasuwa mun san wannan. Sau nawa maganar auren dole ko zaluncin kishiya ta gagari zauren gida, amma ta fito a littafi mai bangon kwali?

CIKIN MAJALISA

A 1916 Gwamna Hugh Clifford ya faɗaɗa majalisar dokoki, ya naɗa baƙaƙe shida, sarakuna uku da 'yan boko uku. Casely Hayford na cikinsu. Ya kamata mai karatu ya san irin wannan majalisa. Gwamna ne shugabanta, shi ke naɗa kowa, ma'aikatansa Turawa su ne masu rinjaye, kuma wajibi ne su bi bayansa idan an zo ƙuri'a. Ma'ana ko baƙaƙen nan shida sun haɗa baki, an riga an kayar da su tun kafin a zauna. Abin da ɗan majalisa baƙi ke da shi bai wuce bakinsa ba: ya yi tambaya, ya soki kasafin kuɗi, ya sa a rubuta ƙin amincewarsa a littafin zama wanda ake aikawa Landan.

A haka ya yi ta zama shekara da shekaru, yana nanata abu guda: a ba mutane damar zaɓen wakilansu, a daina hana likitoci da lauyoyi baƙaƙe manyan muƙamai saboda fatarsu, a gina makarantu masu zurfi, a bar wa mutane ƙasarsu. A 1919 aka ba shi lambar girma ta MBE saboda taimakon tara gudummawa a lokacin yaƙin duniya na farko, ya kuma karɓa. Domin kada a yi masa ƙarya, bai taɓa neman Bature ya tattara ya tafi ba. Gyara yake nema a cikin daular, ba ficewa daga cikinta ba.

Da ya ga muryar ƙasa ɗaya ba ta isa ba, sai shi da Dokta Akinwande Savage, wani likita ɗan Nijeriya, suka shiga haɗa kan 'yan bokon ƙasashe huɗu. A watan Maris na 1920 wakilai daga Nijeriya da Saliyo da Gambiya da Gaɓar Zinariya suka taru a Accra, garin da fatakenmu ke kira Ankara, suka kafa Babban Taron Afirka ta Yamma ta Ingila. T. Hutton-Mills ya zama shugaba, shi kuma mataimaki, daga baya ya gaje shi. Sun nemi rabin majalisa ya zama zaɓaɓɓe, a raba aikin shari'a da na mulki, a kafa kotun ɗaukaka ƙara, a kuma gina jami'a.

Suka tura tawaga Landan, suna tsammanin abin da ya faru a 1898 zai maimaita kansa. Ina! Minista Lord Milner ya ƙi ganinsu. Clifford, wanda a lokacin ya koma gwamnan Nijeriya, ya yi musu tatas a wani jawabi a Legas a ƙarshen 1920, ya ce mutane ne da suka zaɓi kansu da kansu, ba su wakiltar kowa. Abin da ya fi ciwo kuwa daga gida ya fito. Nana Ofori Atta, sarkin Akyem Abuakwa, abokin zamansa a majalisa, ya miƙe ya ce sarakuna ne bakin talakawa, ba lauyoyin birni ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haɗin kan sarki da ɗan boko da ya kayar da dokar 1897 ya wargaje, Bature kuwa ya gyara zama.

Duk da zafin maganar Clifford, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wakilan Nijeriya a taron daga bakin teku suka fito, wajajen Legas da Kalaba. Ba a ji muryar Kano ko Barno ba, haka ma arewacin Gana. Amma abin mamaki, shi Clifford ɗin da ya yi musu ba'a, shi ne a 1922 ya kawo tsarin mulkin da ya ba Legas kujeru uku, Kalaba ɗaya, na zaɓe, ga maza masu samun fam 100 a shekara. Saliyo ta samu nata a 1924. Mu a Arewa ba a sa mu cikin wannan majalisa ba sam, gwamna ke yi mana doka shi kaɗai, sai bayan tsarin Richards na 1946.

SHEKARAR JARRABAWA

A 1925 Gwamna Guggisberg ya kawo wa Gaɓar Zinariya nata sabon tsarin. Kujeru uku na zaɓe ga Accra da Cape Coast da Sekondi, kujeru shida ga sarakuna ta hanyar majalisun larduna, rinjaye kuma yana nan a hannun Turawa. 'Yan boko suka ce an ba su ƙashi an ba sarakuna tsoka. Casely Hayford da kansa ya soki tsarin, har ya koma Landan da koke a 1926, bai samu biyan buƙata ba. Tsohuwar ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ƙasa, wadda a lokacin wani matashin lauya mai zafi Kobina Sekyi ke jan ragamarta, ta ce a ƙaurace, kowa ya shiga ya ci amana.

A 1927 dattijon nan mai shekara sittin da 'yan kai ya tsaya takara a Sekondi, ya ci, ya koma majalisa. Mutanen da suka yi shekara talatin suna tafiya tare suka juya masa baya. Wannan shi ne wurin da na ajiye littafin na yi shiru, domin kalmomin da aka jefe shi da su, su ne na jefi abokina da su. Lissafinsa shi ne, kujerar nan ko ya ƙi ta ba za ta zauna babu kowa ba, wani ne zai hau, wataƙila mai cewa “to” ga komai. Kuma zaɓe shi ne abin da ya shekara yana roƙo, yanzu an ba da kaɗan, in an ƙi karɓa da wane baki za a nemi ƙari? Sekyi kuwa yana ganin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni dai har yau ban iya cewa Sekyi wawa ne ba. Kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya.

Kafin rasuwarsa ya sasanta da Nana Ofori Atta. Ya jagoranci zaman ƙarshe na Babban Taron a Legas a ƙarshen 1929 zuwa farkon 1930, ya rasu a Accra ranar 11 ga Agusta, 1930, yana ɗan majalisa. Ƙungiyar ba ta daɗe a bayansa ba.

Marubucin labarin gida ba zai wuce bai leƙa cikin gida ba. Matarsa ta farko, Beatrice, ta rasu ta bar masa ɗa, Archie. A 1903 ya auri Adelaide Smith, 'yar Saliyo da ta tashi a Ingila, suka haifi Gladys wadda ta zama mawaƙiya. Auren bai yi daɗi ba, suka rabu, ta koma Firitawun inda ta buɗe makarantar koya wa 'yan mata sana'a a 1923. Mutumin da ya so ya haɗa ƙasashe huɗu bai iya riƙe gida guda ba. Ba gori nake masa ba, darasi ne gare mu masu yawon gyaran duniya.

ME YA BARI?

Kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta tabbata a 1928, ya gan ta da idonsa. Jami'ar da ya gina a cikin labari ta tabbata a 1948, a Gaɓar Zinariya da kuma Ibadan, shekara 18 bayan mutuwarsa. A 1946 baƙaƙe suka sami rinjaye a majalisar da ya yi ta shan kaye a cikinta. Ɗansa Archie ya zama ministan gona a gwamnatin Kwame Nkrumah a 1951, ƙasar kuma ta sami 'yanci ranar 6 ga Maris, 1957. Ba zan ce shi ya kawo 'yancin ba. Yaƙin duniya na biyu, da tarzomar 1948, da talakawan da Nkrumah ya tara su suka kawo shi, da irin hanyar da shi bai taɓa bi ba. Amma buƙatun da suka ɗauka sun tarar da su a rubuce, an riga an yi musu hujja.

Abin da na ɗauka shi ne, shiga ko ƙin shiga ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne ka ɗauko abin da mutum ke faɗa kafin a ba shi kujera, ka ajiye kusa da abin da yake faɗa bayan ya zauna. Na yi wa Casely Hayford wannan awo, daga littafinsa na 1903 zuwa zamansa na ƙarshe a majalisa, na tarar maganar ƙasa da wakilci da ilimi ba ta sauya ba. Da yawa in aka yi musu awon nan za su faɗi, mun kuma san su.

Sai na tambayi kaina, shin na taɓa yi wa abokina wannan awo? Wallahi ban yi ba. Ban taɓa tambayar me yake faɗa a cikin ɗakin taron ba, ganinsa kawai na yi ya shiga. Da na bincika sai na ji ashe sau da dama shi kaɗai ke ɗaga hannu ya ƙi, ana kayar da shi, gobe ya dawo. Ranar wata Juma'a bayan la'asar na nufi gidansa na yi sallama. Ya fito ya dube ni ya ce, “Mutumina, ashe kana gari?” Na ce masa ina nan, haƙuri na zo bayarwa. Ya yi dariya ya shiga ya ɗauko tabarma.

Allah Ya ba mu ikon yi wa mutane adalci, na raye da na mace. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, inda za mu ɗora daga inda muka tsaya a labarinmu. Wassalam.